Mota Na Zafi a Kano: Gyaran Gareji ko Tsarin Kamfani, Wanne Zai Fisshe Ka?

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, da wuya ka shiga gareji a Kano, ko a Kwakwaci ne ko a lungunan Sabon Gari, ba ka tarar da mota an ɗage mata bonet an jingine lagiretonta da bango ba. Lokacin ne zafin gari ke taɓa digiri 40 har ya gota, ga cunkoson Kwari da Singa da Kurna inda mota za ta daɗe tana jan ciki da esi a kunne. Duk wata cutar da injin ya ɓoye a lokacin hunturu, a 'yan makonnin nan take bayyana.

Da allurar zafin injin ta fara haurawa, shawara iri biyu za ka ji. Ta farko ita ta fi yawa a bakin kanikawa: "Alhaji, ai motar nan don ƙasar sanyi aka yi ta. A cire tamostat, a haɗa fanka dairek, a sa mata lagireto mai layi biyu, shi ke nan ka huta." Ta biyu ta fi cin lokaci, wani sa'in ta fi cin kuɗi a ranar: a bi diddigi a gano abin da ya lalace, a canza shi, a bar sauran yadda kamfani ya tsara. Ni ina bayan ta biyu, ba na ɓoyewa. Amma ta farko ba shirme ba ce, tana da ranarta, kuma cikin kayan da ta ƙunsa akwai wanda ni ma zan ce a yi. Shi ya sa gara a kwance ƙunshin a duba kowanne shi kaɗai, maimakon a saye shi a dunƙule.

Abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba shi ne injin yana son zafi. Ba zafin da zai sa ruwa ya tafasa mota ta yi amai ba, amma an ƙera shi ne ya yi aiki a tsakanin digiri 85 zuwa 105 a ma'aunin Selshiyas. Cikin man da kake ƙonawa, bai fi kashi ɗaya bisa uku ke zama ƙarfin juya taya ba. Wani kaso ya fice ta salansa, ragowar kuma ruwa ne zai kwashe ya kai lagireto iska ta ɗauke. Famfon ruwa ke zagayawa da ruwan, tamostat ya buɗe masa hanya idan zafi ya kai, lagireto ya shanya shi, fanka ta jawo iska idan mota ba ta gudu, murfin lagireto kuma ya matse shi don kada ya tafasa da wuri. Cikin biyar ɗin nan ɗaya ya gaza, allura ta hau. Abin da gyaran gareji ke yi a galibi shi ne ƙara wa masu lafiyar aiki don su rufa wa marar lafiyar asiri.

Tambayi motar kafin ka tambayi bakanike

Lura da lokacin da motar ke zafi, wannan kaɗai ya raba rabin gardamar. Idan a cunkoso take haurawa, a ce daga Bata zuwa 'Yan Kura, amma da ka hau titin Zariya ka saki ƙafa sai allura ta sauko, to iska ce ba ta isa. A nemi matsalar a fanka, fiyus, rile (makunnin lantarkin da ke tayar da fanka), ko ƙurar da ta like gaban lagireto. Idan akasin haka ne, a cikin gari lafiya lau, sai ka wuce Kwanar Dangora da gudu da kaya sannan ta fara, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: ko lagireto ya toshe daga ciki, ko tsatsa ta cinye fukafukan famfon ruwa, ko tamostat rabi yake buɗewa. Idan daga tashin injin da safe cikin 'yan mintuna ta hau, injin na ci da wuta alhali lagireto na nan da sanyinsa, tamostat ya maƙale a rufe ko famfo ya daina turawa. Wadda kuma kullum sai an ƙara mata ruwa, yoyo take. A duba ƙasa inda ta kwana, a bi tiyo-tiyo ana neman farin tabo ko jan layin tsatsa. Akwai ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska a ga inda ruwa zai tsatso, garejin da ke da shi ya fi wanda zai ce maka "bari mu gwada canza wannan mu gani."

Wani abu da ke yaudarar direbobi: idan ruwa ya ƙare ƙaf, allura tana iya saukowa, saboda sensa ba ta cikin ruwa kuma. Ka ga ta hau ta yi ja sannan ta faɗo da kanta, mota kuma ta fara rasa ƙarfi, ba sauƙi aka samu ba. Ka kashe esi, ka gangara gefe, ka kashe injin. Kada a taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa, kuma da tsumma mai kauri. Mai ga-ruwa zai taho da jarkarsa da kyakkyawar niyya. Ka gode masa, amma kada ya sheƙa wa injin mai zafi ruwan sanyi, don hakan na iya tsaga tof silinda, wato kan injin da ke rufe silindoji.

Tamostat: inda gardamar ta fi zafi

Tamostat ɗan bawul ne mai wani irin kaki a ciki da ke kumbura idan ya ji zafi. A jikinsa an buga lambar da yake fara buɗewa, a Toyota da yawa 82, a Golf kuma 87. Da ya buɗe gaba ɗaya, ya ba ruwa hanya ke nan. Wato a tsakar ranar Afrilu, lafiyayyen tamostat a buɗe yake, ba shi ke hana mota yin sanyi ba. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma, ba ya ƙara wa fanka ƙarfi. Abin da yake yi shi ne jinkirta hawan allura, sai mai mota ya fita daga gareji ya zaga gari ya ga lafiya, ya biya. Ranar da ya shiga dogon cunkoso ko ya kama hanyar Maiduguri, sai ya tarar tsugune ba ta ƙare ba.

Maganar ƙasar sanyi kuwa, duk wanda ya je Umara ko aikin Hajji ya ga Camry da Corolla da Hiace suna kaiwa da komowa a Makka da Jidda da esi a ƙure, cikin zafin da ya fi na Kano. Da tamostat ɗinsu suka fito daga kamfani.

To me ya sa kanikawa suka dage? Don sun sha gani da idonsu an cire mota ta warke. Gaskiya ce, kuma dalilinta a fili yake: wancan tamostat ɗin ya mutu ne a rufe. Motar da ta shekara 20, ta sha ruwan burtsatse har ya yi mata ɓawo, tamostat ɗinta na iya maƙalewa kowace rana. Ga kuma kasuwa cike da na jabu da ba sa buɗewa a lambar da aka rubuta. Bakaniken da aka taɓa dawo masa da mota ana zaginsa saboda sabon tamostat ya ƙone gaskit (shimfiɗar da ke tsakanin tof silinda da gangar jikin injin), ba za ka ga laifinsa ba idan ya yanke wa kansa cewa rami a buɗe ya fi aminci. Yana kare sunansa ne. Sai dai kuɗin wannan amincin daga aljihunka yake fita, a gidan mai.

Ga yadda yake fita. Mota mai injekta tana da ƙwaƙwalwa da ke karanta zafin ruwa. Muddin ta ga injin da sanyi, za ta ci gaba da ƙara masa mai kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci. A safiyar Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Kano ke sauka ƙasa da digiri 15, motar da ba ta da tamostat za ta kai yara makaranta ta kai ka ofis ba ta taɓa kaiwa zafin aikinta ba. Filogi su yi baƙi, fetur ya riƙa wanke jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, ringi su ci da wuri. A motoci da yawa fitilar injin za ta kama, a sa kwamfuta a ga lambar P0128. A da, lokacin da mai ke da araha, ana iya kau da kai. Tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, duk litar da ta tafi a banza ana jin ta a jiki.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A injina da yawa tamostat aiki biyu yake: yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda wani faifai a gindinsa yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma cikin injin kai tsaye. Ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kason ruwa ya riƙa komawa da zafinsa bai leƙa lagireto ba. Irin wannan motar da safe sanyi ya yi mata yawa, a kan babbar hanya da kaya kuma ta fi da zafi. An gudu ba a tsira ba.

Raba gardamar ba wuya. A jefa tamostat ɗin cikin tukunya a ɗora a wuta. Lafiyayye zai fara buɗe baki kafin ruwa ya tafasa, ya wage sosai, a tsame shi ya huce ya rufe ruf. Sabon da ka sayo ma a yi masa wannan gwajin kafin a ɗaura, a gabanka. Wajen ɗaurawa, idan yana da ɗan hujin fitar da iska, hujin ya kalli sama, sannan a fitar da iskar da ta maƙale a cikin tiyo kafin a rufe murfi.

Hukuncina: idan a kan hanya ya maƙale maka da dare, a cire ka isa gida, wannan dabara ce mai kyau. Tsohuwar a-kori-kura mai kafireto ma ba ta asara sosai. Amma Corolla, Camry, Accord, Vibe, Sienna, duk mai injekta, a nemi na asali a mayar.

Fanka dairek

Kamfani ya tsara fanka ta tashi idan ruwa ya kai wajen digiri 95 zuwa 100, ko idan an kunna esi, ta kuma tsaya idan ya sauko. A kan gudu ba a bukatarta, iskar hanya ta wadatar. Haɗa ta dairek yana nufin daga murɗa makulli har kashe mota tana juyawa. Amfaninsa guda ne: ka tsallake duk abin da ka iya lalacewa a tsakani, ko rile ne ko sensa. Illarsa ita ce motar fankar, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, ba a yi ta don aikin dare da rana ba. Burushinta zai cinye, kuma ranar da za ta mutu ba za ta yi maka sallama ba, a tsakiyar cunkoson Kofar Wambai za ka ji labari. Tana ƙara wa altaneta da batir nauyi. Mafi muni, wasu yaran rewaya sukan ja wayar ba tare da fiyus ba, su naɗe da salatif; irin wannan haɗin ne ke jawo gobara a ƙarƙashin bonet.

Abin takaicin shi ne cutar asali sau da yawa 'yar ƙarama ce. Fiyus ne ko rile, abin da bai kai kuɗin cika galan ɗin mai ba. Gwaji mai sauƙi: a mafi yawan motoci, da ka kunna esi fanka za ta tashi. Ta tashi da esi amma ba ta tashi da zafin injin, to motar fankar lafiya take, a nemi sensa ko rile. Kuma duk lokacin da aka taɓa wayoyin fanka, ka sa 'yar takarda a gaban lagireto. Ya kamata iska ta manne ta da shi. Idan ta ture ta waje, an juya wayoyin, fanka na faɗa da iskar hanya, kuma wannan kuskuren ya sa an sayar wa mutane lagireton da ba su bukata.

Idan na'urar da ke sarrafa fankar ce ta ƙone kuma ta yi tsada ko ta yi wuyar samu, akwai hanyar tsakiya: rewaya mai hankali ya sa makunnin zafi da rile da fiyus nasu na kansu. Fanka za ta riƙa hutawa, waya kuma tana da kariya.

Lagireto: a wanke, a sayi ɗan Beljiyam, ko sabo?

Wanki iri biyu ne, kuma ana yawan tsallake mai arahar. Bayan hunturu, a kwance fanka a leƙa tsakanin kwandensar esi da lagireto. Abin da za a gani ya kan ba da mamaki: ƙura ta daskare kamar tabarma, ga guntayen leda, ga gashin kaji, ga ƙaiƙayi. Daga gaba ba a ganinsa. A wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, don injin wankin mota mai ƙarfi yana lanƙwasa siraran haƙarƙarin. Motoci da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Wankin ciki shi ne a buɗe tankunan a zura siririn ƙarfe cikin kowane bututu. A tsohon lagireton tagulla irin na Peugeot 504, wannan aiki ne mai kyau, ana narkar da dalma a buɗe, a like a mayar, ya sake shekaru. Lagireton yanzu alminiyam ne da tankin roba, an danne bakinsa da 'yan haƙoran ƙarfe a kan zoben roba. Haƙoran nan sau ɗaya suke jure buɗewa, da ƙyar sau biyu. Idan robar tana da ƙwari kuma mai wankin zai sa sabon zobe, a gwada sau ɗaya. Idan wuyan da tiyo ke shiga ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ka karce da farce ya marmashe, robar ta ƙone, kuɗin wanki asara ne. Like tsaga da gam, ko zuba ƙwai da garin barkono don toshe yoyo, dabarar isa gari ce kawai, kuma abin da ya toshe huji yana toshe bututu.

Ɗan Beljiyam daga Kofar Ruwa ko Sabon Gari yana da fa'idar cewa ƙirar kamfani ce, ya zauna daidai, kuma a can ƙasarsu kulan ya sha, wato ruwan sanyaya injin na musamman, cikinsa yakan zo tas. Rauninsa shekaru: robarsa sa'ar wadda ka cire ce. Haska tocila ciki, ka yi gwajin farce, ka sa a toshe bakunan a matsa iska cikin ruwa a gabanka. Sabo kuwa hawa-hawa ne. A kwali ɗaya za a nuna maka iri biyu ko uku. Ɗora su kusa da tsohon naka ka gwada kaurin jiki da yawan bututu. Mai arahar yakan zo siriri da bututu tsilla-tsilla. Mai mota otomatik ya ƙara kula, don man giya yana bi ta cikin tankin lagireto ya sha sanyi. Idan wannan bututun ya fashe a ciki, ruwa ya shiga giya, an bar maganar lagireto an koma maganar giyabos.

Mai layi biyu fa? Nan ne na yarda da gareji. Ga Sharon ko Hiace da ke lodi zuwa Gusau ko Damaturu a tsakar bazara, ko motar da ke yini a cunkoso da esi, ƙarin ruwa da ƙarin fili riba ce, kuma muddin tamostat na nan zafin ba zai faɗi ƙasa da ƙa'ida ba. Sharaɗi biyu ne: ya zama mai kyau, don layi biyu marar inganci bai kai layi ɗaya na asali ba, sannan ya zauna ba tare da an yanke kejin fanka ba. Kejin nan shi ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto. Amma babban lagireto ba ya tayar da matacciyar fanka, ba ya like gaskit.

Batun ruwan da ake zubawa, a nan ne yawancin cututtukan da muka lissafa suke samo asali. Ka leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin ɓawon da ruwan burtsatse ke bari; irinsa ne ke taruwa a bututun lagireto, waɗanda faɗinsu bai wuce a zura tsinke ba. Ga tsatsa da ke cin famfo da bakin tof silinda. A yi adalci: wajen ɗaukar zafi, ruwa zalla ya fi kulan. Amfanin kulan shi ne hana tsatsa da ɗaga matakin tafasa. A Kano, da ke kan tudu kusan mita 500 bisa teku, ruwa a buɗe yana tafasa a wajen digiri 98. A ƙarƙashin murfi mai lamba 1.1 sai ya kai wajen 120, haɗin kulan rabi da rabi kuma wajen 128. Ka ga ashe murfi ne ke yin mafi yawan aikin, shi ne kuma mafi araha a duk kayan. Murfin da robarsa ta tsage zai sa lafiyayyar mota ta riƙa amai. A sayi mai lambar da ke kan na asali, 0.9 ko 1.1, kada a ƙara don neman ƙarfi, tsohon tanki zai fashe.

Kulan ma akwai jabu, ruwa ne da kala. Launi ba shaida ba ne, ko da yake na Toyota ja ne ko ruwan hoda, na Honda shuɗi. A karanta jikin galan a ga ko yana da gilaikol, a ga ko haɗaɗɗe ne ko sai an sirka. Idan sirkawa za a yi, da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Motar da ta shekara tana shan ruwan famfo sai an wanke cikinta sosai tukuna, kuma kada ka yi mamaki idan bayan wankin wani ɓoyayyen yoyo ya bayyana, da ma datti ne ya toshe shi. Kulan guba ne mai zaƙi-zaƙi, a nisanta shi da yara da dabbobin gida.

Idan aikin gama ya gama: gaskit ko wani injin?

Alamun ƙonewar gaskit sanannu ne: ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri ko bayan injin ya ɗumama, kumfa na ɓulɓulowa a bakin lagireto, tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan da tashin injin, da safe mota ta tashi tana ɗingishi, baƙin mai ya koma fari-fari. Amma kafin a kwance tof silinda a tabbatar. A Golf da Peugeot da wasunsu, ɗan akwatin sanyaya baƙin mai yana fashewa ya haɗa mai da ruwa alhali gaskit lafiya lau. Akwai gwajin shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto, ya koma launin ruwan ɗorawa idan hayaƙin injin na shiga ruwa, akwai kuma awon matsin kowace silinda.

Gyaran gaskit ya dace idan ka tsaya da wuri, injin ba ya ƙwanƙwasa, fitilar mai ba ta kiftawa, da ma kuma ba ya shan baƙin mai ko fitar da shuɗin hayaƙi. Ribarsa ita ce ka san tarihin injinka. Amma aikin yana da ƙa'ida, kuma wajen ƙa'idar ake faɗuwa. Dole a auna fuskar tof silinda da miƙaƙƙen ƙarfe. A injinan Toyota da yawa lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, abin da ido ba ya gani. Ta wuce, a kai masu injin gogewa, a kuma duba tsaga. A ɗaure notinan da sifana mai ma'auni, bi da bi yadda kamfani ya tsara, ba da dogon bututu da "na ji ya kama, Oga" ba. Masu Camry 2.4 ta 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Dadi, su sani cewa injinta ya yi suna wajen zarewar zaren notinan tof a cikin bulok. Idan ba a dasa sabon zare ba, gaskit nawa aka sa zai sake ƙonewa.

Wani injin ya fi idan an ci gaba da tafiya har mota ta mutu da kanta, ko ta fara ƙwanƙwasa, ko ta yi kwanaki tana aiki da ruwa a cikin baƙin mai, ko wannan ne gaskit na biyu cikin ɗan lokaci. A nan kuɗin ringi da metal da gogewa da aikin hannu suna iya kamo kuɗin ɗan Beljiyam, ba tare da tabbas ba. Sai dai faɗuwar naira tun 2023 ta sa injin shigowa ya yi tsadar da dole a zauna a yi lissafi, kuma shi ma sayen abin da ba ka san ya taso ba ne. Idan tof ɗin kaɗai ya tsage, ƙasa na da lafiya, sayen tof ɗan Beljiyam shi kaɗai ya fi sauƙi.

Idan injin za a saya, ka je da bakanikenka. A buɗe murfin sama a ga ko baƙin mai ya daskare, a zare filogi a dubi launinsu, a leƙa bakin hanyoyin ruwa, a juya injin da hannu a ji ko yana matsewa daidai. Lambar ƙirarsa ta dace da taka, don na Amurka da na Turai sukan bambanta a sensa da wayoyi. Kafin a ɗora shi a sa sabon tamostat da murfi, a duba famfon ruwa, idan mai tayimin bel ne kamar Peugeot 406 a canza bel ɗin tare da famfon tun yana ƙasa. Kada a mayar masa da toshasshen lagireton da ya kashe na farko, don mai shago ba zai karɓi injin da ya ƙone da zafi ba. Kwanakin gwajin da kuka yi yarjejeniya a rubuta su a rasit tare da lambar injin, ka ajiye rasit ɗin cikin takardun mota, ana iya tambayar ka shi a shingen hanya ko ranar da za ka sayar.